Manhajar da Mai Ita Ya Tafi Ya Bari: Lacca Kan Rumbunan Manhajoji na Al'umma

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban zama, malamai, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, barkanku da zuwa. Na can baya kuna jina? Wanda ba ya jina ya ɗaga hannu. [Dariya] To madalla, tunda dariyar ta kai har ƙurya, an ji ke nan.

Na kasa maganar gida huɗu. Na farko, mene ne waɗannan rumbuna, kuma wa ke tsaron ƙofarsu. Na biyu, yadda ake yi manhaja ta zama yasasshiya. Na uku, haɗarin da ke cikin hakan. Na huɗu, abin da ya kamata a yi. Mai kula da lokaci, ka riƙa yi mini alama da hannu.

Yawancinmu Play Store na Google muka sani, ko App Store na Apple. Waɗannan na kamfani ne, akwai ma'aikata masu albashi a bayansu. Amma akwai wasu rumbunan da jama'a ne suka haɗu suka gina, kowa na iya kawo manhajarsa, kowa na iya buɗe rubutun tushenta, wato umarnin da aka rubuta aka gina ta da shi, ya karanta, kuma yawancin masu aikin 'yan sa kai ne. A wayar Android akwai F-Droid, wanda Ciaran Gultnieks ya kafa a 2010. A kwamfutoci masu aiki da Linux akwai Flathub, akwai AUR na masu amfani da Arch, wani nau'in Linux, akwai kuma tsohon gida, Debian, wanda Ian Murdock ya fara tun 1993. Masu rubuta manhaja su ma suna da nasu, npm ga masu JavaScript, PyPI ga masu Python. Ina son waɗannan wurare, in gaya muku tun yanzu. Duk abin da za ku ji na faɗa na suka, na mai son abu ne.

Ƙofofinsu ba iri ɗaya ba ne. A Debian ba ka ɗora komai kai tsaye sai an san ka, an san mabuɗin da kake sa hannu da shi, kuma sabon ƙunshi, wato manhajar da aka shirya don girkawa, sai ya bi layi mutane sun duba lasisinsa. F-Droid kuwa ba ya karɓar manhajar da ka riga ka haɗa a gida ya raba wa mutane haka nan. Rubutun tushen zai ɗauka, ya haɗa manhajar da kansa a kan injinansa, domin abin da ya shiga wayarka ya zama shi ne abin da kowa ke iya karantawa. Sannan yana manna gargaɗi a jikin manhaja: wannan tana da talla, wannan tana bibiyar mai amfani da ita, wannan ta dogara da sabis ɗin da ba buɗaɗɗe ba, wannan an san tana da ɓarakar tsaro. Ba su hana ka saukewa ba, amma sun gaya maka gaskiya. A Flathub mutane ne ke duba manhaja ranar da aka fara kawo ta, kuma tun 2023 suna sa alamar tabbaci a kan wadda ainihin masu ita ne suka ɗora. Shi kuwa AUR, babu mai duba komai kafin a ɗora. Abin da ke ciki ma ba manhajar ba ce, umarnin yadda za a haɗa ta ne, fayil ɗin da suke kira PKGBUILD, kuma sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa kai za ka karanta kafin ka girka, alhakin yana wuyanka.

Akwai kuma Snap Store. Shi na kamfanin Canonical ne, masu Ubuntu, amma ƙofarsa a buɗe take ga kowa, shi ya sa na sako shi. A 2018 aka gano wasu wasanni a ciki suna haƙar kuɗin kirifto a ɓoye da kwamfutocin mutane. A farkon 2024 aka ɗora jabun manhajar ajiyar kirifto da sunan Exodus, wani bawan Allah ya zuba mata kalmomin sirrinsa, aka kwashe masa bitkoyin kusan 9. Bayan nan ne kamfanin ya ce duk sabon suna sai mutum ya duba shi da ido kafin a yi masa rajista.

To wannan shi ne ɓarawon da ya zo ta ƙofa, kuma maganinsa sananne ne, a ƙara masu gadi. Ba shi ya kawo ni nan ba. Abin da ke damuna shi ne, tantancewar nan kusan duk a bakin ƙofa ake yin ta, rana ɗaya. Manhajar kuma za ta zauna a ciki shekara 5, shekara 10. Wa ke komawa ya duba ta?

Na biyu ke nan. Me ke sa mutum ya bar manhajarsa? Rayuwa ce kawai. Ɗalibi ya rubuta abu don ya biya wa kansa wata buƙata, ya sa a rumbu don wasu su amfana. Ya gama karatu, ya samu aiki, ya yi iyali. Wani rashin lafiya ce ta kama shi. Wani ya rasu, kuma mabuɗan asusunsa sun tafi tare da shi. Wani kuma gajiya ce: kullum ya buɗe akwatin saƙo sai ƙorafi, gyara mini wannan, ƙara mini wancan, babu ko sannu da aiki. Kuma ku lura, da wuya a samu wanda ya tashi rana guda ya sanar cewa ya daina. Yana cewa a ransa ƙarshen mako zan duba, wata mai zuwa zan duba, har shekara 3 ta wuce. Shi bai san ya bari ba, mai saukewa ma bai sani ba. Shafin yana nan tsaf, da hotunansa, da taurarinsa na yabo da aka ba shi tun yana da rai.

Amma a nan sai mun yi hattara, don akwai manhajar da aka yasar, akwai kuma wadda aka kammala. Donald Knuth ya rubuta TeX, wanda masana lissafi ke tsara rubutunsu da shi har gobe, sannan ya ce ya rufe ƙara masa sabon abu, sai gyaran kuskure kawai. Lambar sigarsa ma duk gyara sai ya ƙara mata lamba ɗaya daga cikin lambobin pi, a 2021 ta kai 3.141592653. Masu lissafi na ga kuna murmushi. [Dariya] Wannan ba yasasshe ba ne, kammalalle ne. Manhajar ƙidaya da ba ta taɓa intanet, ba ta neman izinin komai a wayarka, in ta shekara 6 ba a taɓa ta ba, me ya dame ka? Amma burauza, ko manhajar aika saƙo, ko ta ajiyar kuɗi, ko duk wadda ke buɗe fayil ɗin da baƙo ya turo maka, ita shiru na shekara ɗaya ma abin tsoro ne.

Dalili kuwa, manhaja ba ita kaɗai take tsaye ba. A kan wasu take zaune, kuma ƙasan yana motsi. Guntayen manhajojin wasu da ta ara, kullum ana gano musu ɓaraka ana toshewa, ita kuma tana riƙe da tsohon. A Flathub, ginshiƙin Freedesktop da manhajoji da yawa ke hawa kai, duk shekara ake fitar da sabo, kuma shekara 2 ake kula da kowanne. In manhaja ba ta matsa ba, sai ta wayi gari a kan ginshiƙin da babu mai toshe masa ɓaraka. Android 14 ma ya daina karɓar girka manhajar da aka yi wa tsarin da ya girmi Android 6. Mai ita bai canza ko harafi ɗaya ba, amma ta lalace.

Manyan kamfanoni da kwanan wata suka yi maganin wannan. A 2022 Apple ya bayyana cewa manhajar da ta shekara 3 ba sabuntawa, kuma ba a sauke ta sosai, za a ba mai ita wa'adi sannan a cire. Google ya fara ɓoye wa sababbin masu saukewa manhajojin da suka tsaya a tsohon tsarin Android. Na fahimci dalilinsu, amma a ganina kwanan wata ba ma'auni ba ne mai kyau. Yana kashe kammalalliya, sannan yana ƙyale wadda mai ita ke canza launin maɓalli duk wata don a ce tana raye.

Yanzu ku gyara zama, don ga inda nake son zuwa tun ɗazu. Tsufan manhaja haɗari ne, na yarda. Amma mafi munin lokaci a rayuwar manhaja ba lokacin da aka bar ta ba ne. Lokacin da wani ya zo ya ce a ba ni in riƙe, shi ne. Saboda me? Saboda sunan yana nan. Amanar da mutum na farko ya shekara 10 yana tarawa tana manne da sunan, hanyar sabuntawa zuwa cikin na'urorin mutane tana nan a buɗe, sai dai hannun da ke bayan labule ya canza. Kai kuma wayarka ta ce akwai sabuntawa, ka danna, don an koya maka sabuntawa tsaro ce. Kuma gaskiya aka koya maka.

Bari in nuna muku yadda abin yake a AUR. Ka buɗe shafin ƙunshi, za ka ga sunansa, da sigarsa, da yawan ƙuri'un da aka ba shi, da wurin sunan mai kula. In mai shi ya sake shi, wurin nan sai ya nuna babu kowa, su a can maraya suke kiransa, kuma duk mai asusu zai ga maɓallin ɗauka. Dannawa ɗaya, ya zama naka. In kuma mai shi yana nan amma ya yi shiru, ana shigar da buƙata, a jira shi mako 2, in bai amsa ba a saki ƙunshin. Tsari ne mai kyau, don shi ke sa aiki ba ya mutuwa da mai shi. To a watan Yulin 2018, wani ya ɗauki wani maraya mai suna acroread, na karanta fayilolin PDF, ya ƙara masa layin da ke janyo wani umarni daga intanet, umarnin kuma ya kafa kansa a kwamfutar yana tattara bayananta. An gano da wuri, don akwai masu karanta abin da ya canza kafin su girka. Allah Ya yi musu albarka, su ne masu gadin gaskiya a wurin.

A shekarar nan dai, 2018, aka yi na event-stream a npm. Ƙunshi ne da ake saukewa kusan sau miliyan 2 a mako. Mai shi, Dominic Tarr, ya daɗe da daina amfani da shi. Wani ya aiko masa saƙo cewa yana son ya taimaka, ya miƙa masa. Sabon mai riƙon ya ƙara wani ƙaramin ƙunshi, flatmap-stream, a cikinsa kuma aka ɓoye abin da ba ya motsi sai ya tsinci kansa a cikin manhajar ajiyar bitkoyin mai suna Copay. Mutane suka yi wa Tarr ca, yaya za ka ba baƙo? Shi kuma ya nuna musu cewa ba ya samun komai daga wannan aiki, ba ya ma amfani da shi, kuma miƙa aiki ga wanda ya nuna sha'awa shi ne abin da aka saba yi. Ni ban ga laifinsa ba. Kamfanoni nawa ne suka gina kasuwancinsu a kan aikinsa ba su taɓa tambayar ko yana nan ba?

Sai babban, wanda duk lokacin da na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. Akwai wata 'yar manhaja mai suna xz, aikinta matse fayil ya ƙanƙance. Ba ku taɓa ganin hotonta ba, amma kusan duk kwamfutar Linux a duniya tana ɗauke da ita, har da manyan injinan da intanet ke tsaye a kansu. Mutum ɗaya ne ya shekara da shekaru yana riƙe da ita, Lasse Collin, a lokacin hutunsa, ba albashi. Wajen ƙarshen 2021 wani asusu mai suna Jia Tan ya fara turo gyare-gyare. Gyare-gyare masu kyau, na gaske, cikin ladabi. A 2022 sai wasu asusai da babu wanda ya san su suka fara matsa wa Collin lamba a bainar jama'a: aikin nan ya tsaya, ba ka kula, in ba za ka iya ba ka ba wani. Ya amsa musu cewa yana fama da kansa, kuma su tuna wannan aikin sa kai ne da ba a biyansa. Ba su sassauta ba. Ku dubi tsarin da kyau: ta nan ana tura shi, ta can ga mai taimako mai haƙuri yana jira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan su suka tsaga bangon da hannunsu.

A hankali Jia Tan ya samu ikon fitar da sabuwar siga da sa hannunsa. Fiye da shekara 2 yana aiki tsakani da Allah a ido. A watan Fabrairun 2024 ya fitar da siga 5.6.0, a Maris ya biyo da 5.6.1, a cikinsu akwai ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar shiga inji ba da izini ba. Ku ji inda ya ɓoye ta. Manhajar matse fayil tana da fayilolin gwaji, wasu da gangan ake lalata su don a ga yadda za ta yi da lalatacce, babu mai karanta su don ba rubutu ba ne. A nan ya binne kayan. Umarnin da ke tono su kuwa bai sa shi a rumbun rubutun da kowa ke kallo ba, sai a cikin ƙunshin da ake rabawa masu haɗa tsarin Linux. Manufar ita ce SSH, hanyar da masu kula da manyan injina ke shiga daga nesa. Da abin ya yaɗu, mai riƙe da wani mabuɗi guda zai iya ba da umarni a injina ba adadi.

Wa ya kama shi? Ba kwamitin tantancewa ba, ba na'urar bincike ba. Andres Freund ne, injiniya a Microsoft mai aiki a kan PostgreSQL, manhajar ajiyar bayanai, yana gwajin wani abu dabam a kan sigar gwaji ta Debian, sai ya lura shiga ta SSH tana cin ƙarfin inji fiye da kima, tana jinkiri kamar rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa, jama'a! Wa a cikinmu zai tsaya don rabin daƙiƙa? Mu da muke jiran shafi ya buɗe har mu manta abin da muka je nema. [Dariya] Shi ya tsaya, ya bi diddigi, ranar 29 ga Maris 2024 ya sanar da duniya. A lokacin abin ya riga ya shiga sigogin gwaji na Debian da Fedora da wasu, bai kai ga tsayayyun sigoginsu ba. Har yau sunan Jia Tan suna ne kawai a allo.

Ku lura da wani abu, kuma zan maimaita don ya zauna. Da Collin ya ɓace kwata-kwata, da xz ta tsaya cak a tsohuwar siga, da an fi zama lafiya. Haɗarin bai zo daga tsayawa ba, daga canjin hannu ya zo. Kuma abin da ya buɗe hanyar canjin hannun gajiya ce. Gajiyar mutum ɗaya. Ba yau aka fara ba, a 2014 da ɓarakar Heartbleed ta fito a OpenSSL, wanda ke tsare sirrin shafuka masu ɗimbin yawa, sai aka ji gudummawar da aikin ke samu a shekara ba ta wuce kusan dala 2,000 ba. Rijiya ce kowa na ɗiba, babu mai yasa. Shi ya sa duk wanda ya buɗe shafin ƙorafi ya rubuta wa ɗan sa kai magana mai zafi, ya sani yana taya mai jiran gado aiki ne, ko bai nufa ba.

Wani lokacin ma ba yaudara, ciniki ne a fili. Akwai wani ƙari na burauzar Chrome mai suna The Great Suspender, mai shi ya sayar a 2020, sabon mai shi ya cusa abin da bai dace ba, Google ya cire shi a farkon 2021. A ƙarshen 2023 aka sayar da jerin manhajojin Simple Mobile Tools, na hotuna da kalanda da lambobin waya, waɗanda mutane suka so saboda ba su da talla, ga kamfanin ZipoApps. Amma nan ga daɗin buɗaɗɗen tushe: jama'a suka ɗauki rubutun, tunda lasisi ya ba su dama, suka ci gaba da shi da sabon suna, Fossify. Kuma wanda ke saukewa ta F-Droid yana da kariya, don rumbun ba ya haɗa komai sai daga rubutun da ke bayyane.

Ina muke? Na uku ko na huɗu? Na ukun ya shige cikin na biyu, mu ce mun yi shi. An ɗaga mini hannu, bari in gaggauta.

Wani zai ce a goge duk wadda aka bari a huta. A'a. A Maris 2016 wani ya janye duk ayyukansa daga npm saboda rikici kan suna, a ciki akwai left-pad, layi 11 kacal. Manyan ayyuka a faɗin duniya suka kasa haɗuwa, sai da npm ya maido shi, ya kuma taƙaita ikon janyewa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gogewa tana karya na kanta, kuma in ka goge ka saki sunan, wani zai zo ya yi rajistarsa.

Abin da nake so a yi, da sauri. Rumbu ya faɗi gaskiyar halin manhaja a saman shafi, ba a ƙasa ba. Debian yana da jerin marayu a fili, yana da tawagar da ke neman masu kula da suka ɓace, kuma ƙunshin da ke da babban lahani ba a gyara ba yana fita da kansa daga siga mai zuwa. F-Droid yana da ma'ajiyar tsofaffi, ba a goge ba, ba a kuma tura wa sabon shiga ba. PyPI a farkon 2025 ya ba masu aiki damar sa alamar cewa sun rufe. Duk wannan daidai ne. Abin da nake ganin ya rage shi ne canjin hannu ya zama labari: ranar da manhaja ta canza mai riƙo, a sanar da mai amfani da ita, kuma sabuntawar farko ta sabon hannu ta koma bakin ƙofa a duba ta kamar baƙuwa. Sannan a biya mutane. Jamus ta kafa asusu a 2022 don tallafa wa irin waɗannan ginshiƙai, ya kamata wasu su bi. Kai kuma mai saukewa, kada ka tsaya a kwanan wata, ka buɗe shafin ƙorafe-ƙorafe ka ga ko ana amsawa, ka dubi izinin da take nema... Na'am? Akwai hannu a can. A ba ta abin magana.

[Tambaya daga wata ɗaliba] Malam, na gode. Ni ina koyon rubuta manhaja, kuma akwai wata ƙarama da nake amfani da ita wadda mai ita ya daina amsawa. Na so in nemi a ba ni in ci gaba da ita. Amma da na ji bayaninka, sai na ga duk wanda ya ce a ba ni, shi ne abin zargi. To mu sababbi mu haƙura ke nan?

A'a, a'a, ƙanwata, kada ki haƙura. In abin da aka ɗauka daga bakina ke nan, to a bar sauran jerin, wannan ya fi muhimmanci. Marayun nan dubbai ne, kuma mafi yawan masu ɗaukarsu mutanen kirki ne irinki. Ba don su ba da rumbunan nan sun daɗe da rushewa. Abin da nake nema shi ne a ba da amana a hankali, a fili, ba a miƙa mabuɗi gaba ɗaya a saƙon sirri ba.

Ga yadda za ki yi. Kada ki fara da neman mabuɗi. Ki fara da aikin da ba ya buƙatarsa: ki karanta ƙorafe-ƙorafen da suka taru, ki gwada ki ga wanne ne har yanzu yake nan, ki amsa wa masu tambaya. Ki turo gyara ƙarami, wanda mutum zai karanta cikin minti 5 ya gane, da bayanin dalilinsa. Ki rubuta wa mai ita a inda kowa zai gani, ki fara da godiya, ki tambaye shi abin da yake so a yi da aikinsa. Kada ki matsa masa, ba ki san halin da yake ciki ba. In ya yi shiru, rumbun yana da hanyarsa, ki bi ta. A Debian akwai tsarin ceto ƙunshi, ana sanarwa a fili a jira kwana 21, kuma sabon shiga ba ya ɗorawa da kansa, sai wani tsohon hannu ya duba ya sa masa hannu. Kada ki ji haushin wannan dubawar, kariya ce gare ki.

In kuma babu hanyar, lasisin ya ba ki dama ki ɗauki rubutun ki ci gaba da sabon suna, kamar yadda masu Fossify suka yi. Ki rubuta a sama cewa wannan reshe ne na wance, ga dalili, ga abin da na canza. Za ki fara da mutum 10 maimakon dubu, amma duk wanda ya zo ya san wurin wa ya zo. Kuma tun ranar farko ki nemi na biyu, wanda zai riƙa duba abin da kika rubuta ke ma ki duba nasa, don kada nan da shekara 5 ki zama ke ce mutum ɗayan da ta gaji. Ranar da kika ga ba za ki iya ba, ki rubuta layi biyu a saman shafin ki ce na daina, ga wanda na yarda da shi, ko ki ce ban miƙa wa kowa ba.

Wace irin manhaja ce, tana taɓa intanet? Ba ta taɓawa? To kin ma samu mai sauƙi ta fara koyo. Ki same ni bayan an tashi da kwamfutarki mu buɗe shafin mu ga lasisin tukuna. Shugaba ya miƙe tsaye, sauran tambayoyin sai a waje. Na gode, wassalamu alaikum.